Rumfar Dara Da Abin Da Ya Tafi Da Ita

Kowane wasa da ɗan Adam ya ƙago yana buƙatar abubuwa uku kafin ya zauna da gindinsa, wato kayan yin sa, da mutanen da za su yi shi, da kuma wurin da za su riƙa haɗuwa. Na farko da na biyu su ne manazarta al'adun Hausawa suka fi mayar da hankali a kansu, domin su ido yake fara gani, su ne kuma suka fi sauƙin rubutawa. Na ukun kuwa ba a cika kula da shi ba sai ranar da aka wayi gari babu shi. Wannan rubutu zai duba abin da ya sami wani dattijo maƙeri, gwanin dara, a wani ƙauye da ke tsakanin Gaya da Ajingi, bayan da aka rufe rumfar da ya yi fiye da shekara 50 yana zama a cikinta. Labarin ƙarami ne, to amma yana nuna yadda ilimin da ba a rubuta ba yake rataye a wuyan wurin zaman masu shi.

Ƙasar Gaya tana gabas da birnin Kano, bayan an haye gadar Wudil, ta wajen iyakar Jihar Jigawa. Tsohuwar ƙasa ce wadda sunanta ya haɗu da na ƙira tun fil azal. Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, kuma daga Gaya ne Abagayawa suka tashi neman tama har suka zauna a gindin Dala. A zamanin dattijon nan kuwa ƙasar ta ga sauye-sauyen mulki iri-iri. An yanke Jigawa daga Kano a 1991, har iyaka ta matso kusa da ƙofar gida. An ɗaga Gaya zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe dokar a 2024, sa'an nan a cikin shekarar aka mayar da ita masarauta mai daraja ta biyu wadda ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Mutanen yankin manoma ne na gero da dawa da wake da gyaɗa, saboda haka rayuwarsu tana bin damina da rani. Idan an gama kaka, an kai amfanin gona rumbu, samari sun tafi cin rani, sai hannun magidanta ya sami sarari. Lokacin dara ke nan.

Ya kamata a fayyace irin darar da ake nufi, domin Bahaushe yana kiran wasa fiye da ɗaya da wannan suna. Akwai wadda ake zuba 'ya'ya cikin gurabe goma sha biyu ana zagayawa da su, irin wadda Yarabawa suke kira ayo, wadda mata da yara suka fi yi. Akwai kuma darar manya, wadda ake haƙa wa gurabe 30 a ƙasa, layi biyar na gurabe shida-shida. Kowane ɗan wasa yana riƙe da 'ya'ya 12, ɗaya ya ɗauki guntayen kara ko tsinke, ɗaya ya ɗauki tsakuwa. Da farko za su riƙa sa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, sa'an nan a shiga matsar da su, gurbi ɗaya a kowane motsi, gaba ko baya ko gefe, ba a tafiya a karkace. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya yi ci, sai ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Wanda 'ya'yansa suka ragu har ya kasa jera uku, an cinye shi. Idan mai karatu ya yi lissafi zai ga cewa bayan an gama zubi gurabe shida kacal suke saura babu kowa a ciki, kuma a kan waɗannan shidan ne duk wata dabara take juyawa. Wasan bai tsaya ga Hausawa kaɗai ba. Dakarkari suna yin sa, Zabarmawa suna ce masa dili, a wasu sassan ƙasar Hausa kuma ana kiran sa doki.

Rumfar da ake magana a kai ba don dara aka kafa ta ba. Wani attajirin ƙauyen ne ya yi ta a ƙofar gidansa, gefen kasuwa, a zamanin da gyaɗa take da daraja, lokacin da ake tara buhuna a Kano har su zama dala. A nan yake ajiye sikelinsa, a nan manoma suke jiran a auna musu kaya. Jira kuwa yana da tsawo, shi ya sa wasu suka haƙa gurabe a gefe don rage lokaci. Da farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, sai cinikin ya durƙushe, aka ɗauke sikeli, amma gurabe suka zauna. Mai rumfa bai kori kowa ba. Hasali ma shi yake sabunta zana idan ta tsufa, shi yake sa a cika randa da ruwa kowace safiya, ko da yake shi kansa bai taɓa zama gwani ba. Abin da yake samu shi ne ƙofar gidansa ba ta rabuwa da mutane, kuma a ƙasar Hausa wannan ma arziki ne.

A wannan rumfa ce maƙerin ya koyi dara, kuma yadda ya koye ta shi ne ginshiƙin maganar. Babu wanda ya zaunar da shi ya karanta masa dokoki. Yana yaro, idan mahaifinsa ya sallame shi daga zuga-zugi, sai ya je ya tsaya a bayan manya ya yi shiru. Bayan wani lokaci aka fara aiken sa ya karyo kara, ya share gurabe, ya fitar da ƙasar da iska ta zuba a ciki. Daga nan shi da tsararrakinsa suka haƙa nasu gurabe a bakin rumfa, inda rana take dukan rabin jikinsu, suna kwaikwayon abin da suka gani. Sai da ya yi gemu kafin wata rana wani tsoho ya tashi zuwa alwala ya ce masa, "Kai ɗan maƙera, riƙe mini hannun nan kafin in dawo." Wannan ita ce shaidar kammala karatunsa, kuma a gaban jama'a aka ba shi ita.

Babban darasin rumfar yana zuwa ne bayan an gama wasa. Al'adar wurin ita ce ɗan kallo ba ya sa baki muddin ana tsakiyar karawa, duk wanda ya yi ko da gyaran murya mai ma'ana za a yi masa ca. To amma da zarar an cinye mutum, sai baki ya buɗe. Wani ya ce tun a zubi na bakwai aka yi ɓarnar, wani ya ce a'a, sai da ya buɗe gurbin tsakiya. Sai a mayar da 'ya'yan yadda suke a lokacin, a sake gwadawa ta wata hanya, a ga inda za ta ɓulle. A irin wannan muhawara ce ake tuno wasannin mutanen da suka daɗe da rasuwa, a ce wane ya taɓa faɗawa cikin irin wannan tarko ya fita ta nan. A nan ne yaro yake gane cewa ana cin dara ko a rasa ta tun a wurin zubi, kuma a nan yake ganin yadda gwani yake gina tsarin da ɗa guda zai riƙa kai da komowa tsakanin layi biyu, yana ci a kowane motsi, abokin karawa yana kallo babu yadda zai yi. Ma'ajiyar wannan ilimi ita ce kawunan mutum ashirin ko talatin da suke haɗuwa a wuri ɗaya kullum, kowa yana riƙe da ɗan yankinsa, wani yana gyara wa wani.

Har ila yau rumfar ita ce kotun wasan. Dokokin dara suna da saɓani daga gari zuwa gari, kamar yadda karin harshe yake da shi. Wasu sun hana a jera uku a lokacin zubi, wasu sun yarda a jera amma ba a lissafa shi ci. Wasu sun ce ba a cire ɗan da yake cikin jerin uku na abokin karawa, wasu ba su san da wannan ba. Jerin huɗu kuma ba ci ba ne, amma akan yi gardama a kan ko ya halatta a yi shi ma. Ranar kasuwa, idan mutanen wajen Ajingi suka zo da gwanayensu, kafin a sa ɗa ko guda sai an tambaya, "Dokar wa za a bi?" Amsar kuwa a kullum ita ce dokar rumfa, kuma dattawa uku ko huɗu da suka fi daɗewa a wurin su ne masu yanke hukunci. Baƙo yana karɓar hukuncinsu domin ya san ba yau aka fara ba, kuma gobe ma nan zai same su.

Daɗin daɗawa, ba dara kaɗai ake yi a wurin ba. A nan ake jin farashin hatsi na kasuwannin kewaye, a nan aka tattauna yanke Jigawa da zancen masarautu. Wanda bai fito kwana biyu ba za a tura yaro ya dubo shi. Mai neman rancen iri ya san wanda zai ja gefe, mai neman aure ga ɗansa ya san wanda zai fara tuntuɓa. Idan aka kira salla sai a bar 'ya'ya a gurabensu a tafi masallaci, babu mai taɓa su har a dawo. Gaskiya ne ba kowa yake kallon wurin da idon rahama ba. Akwai matan da suke ganin dara tana cinye yinin mazajensu, akwai malaman da suke ganin ɓata lokaci ce, kuma ba za a rantse cewa ba a taɓa sa kuɗi a kan wasa a ɓoye ba. Bayan da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, aka kuma kafa hukumar Hisba a 2003, dattawan rumfar suka ƙara tsananta wa kansu, suka kori duk wanda ya zo da karta ko zancen caca, don kada a yi musu kuɗin goro da 'yan caca.

Ƙarshen rumfar bai zo ta hannun hukuma ba. Mai ita ne ya rasu bayan ya tsufa ƙwarai, aka raba gado, filin ƙofar gida ya faɗa a rabon 'ya'yansa maza. Fili a gefen kasuwa ya yi tsada, su kuma suna da iyali da buƙatu. Suka yanke shawarar gina shaguna uku su ba da haya. Babban ɗan ne ya zo da kansa ya durƙusa gaban maƙerin, wanda a lokacin shi ne babba a rumfar, ya ce, "Baba, ku yi mana haƙuri. Wallahi ba raini ba ne. Mu tara ne a gidan nan, kuma kowa ido ya zuba mini." Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, abinku ne. Mahaifinku ya yi mana alherin da ba mu biya ba, Allah ya jiƙansa. Alfarma ɗaya nake nema, ku bar mu zuwa faɗuwar ruwan farko." Aka yi musu wannan alfarma. Da damina ta faɗi kowa ya tafi gona kamar yadda aka saba, kafin kaka kuwa an zuba siminti a kan gurabe.

Babu adalci a ɗora wa magadan laifi. Ba su ƙwace haƙƙin kowa ba, domin 'yan dara ba su taɓa biyan ko anini ba, ba su kuma taɓa tambayar kansu abin da zai faru idan mai rumfa ya kau ba. Shekara da shekaru suna cewa "rumfarmu", har suka manta cewa bakinsu ne kawai yake faɗin haka. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mutanen gari ma ba su ga abin damuwa ba. Cewa suka yi ai dara ba ta da tsada, ƙasa ce da kara da tsakuwa, duk inda aka sami inuwa cikin ɗan lokaci an haƙa gurabe talatin. Wannan magana gaskiya ce ta fuskar kayan wasa. Abin da ya biyo baya shi ya nuna inda ta gaza.

Da rani ya zagayo sai majalisar ta rabu gida uku. Wasu suka koma gindin wata darbejiya kusa da masallaci, wasu suka zaɓi zauren ɗaya daga cikinsu a can ƙarshen gari, waɗanda ƙafa ta yi wa nauyi kuma suka zauna a gida. Kowane rukuni bai wuce mutum biyar ko shida ba, kullum su ne dai suke karawa da juna har kowa ya haddace hannun kowa, wasan ya rasa armashi. Mutanen wajen Ajingi suka zo ranar kasuwa sau biyu ko uku, ba su san inda za su dosa ba, suka daina zuwa. Gardamar doka ta tashi a gindin darbejiya, aka rasa wanda maganarsa za ta zama yanke, har mutum biyu da suka yi shekara talatin suna wasa tare suka yi watanni ba sa zama wuri ɗaya. A nan ne dattijon ya ce dara ta ci gida. Mafi muni shi ne babu sauran yara a tsaye a bayan manya. Rumfar tana kan hanyar kasuwa, ko yaro bai yi niyya ba sai ya gan ta, ya ji shewa, ya tsaya. Zauren ƙarshen gari kuwa sai wanda ya nufe shi.

Yaran ba su daina wasa ba. Suna nan a shagon cajin waya da gidan kallon ƙwallo, suna buga ludo da Whot, wasu a kan allo da kati, wasu a cikin waya. Kwatanta waɗannan wasanni da dara yana da amfani. Ludo ta samo asali daga wani tsohon wasan Indiya, aka yi mata rajista a Ingila a 1896. Whot kuma a Ingila aka ƙago shi a 1935, kamfanin Waddingtons ya daɗe yana buga shi, har kamfanin Hasbro na Amurka ya saye Waddingtons a 1994. Wato waɗannan wasanni suna da masu su, ana sayar da su daga hannu zuwa hannu kamar kowace haja, kuma mai su yana iya daina buga su ranar da ya ga babu riba, ba tare da ya shawarci masu wasa ba. Duk da haka suna da wata garkuwa da dara ba ta da ita. Allonsu da katinsu a buge suke, dokokinsu a rubuce, ana sayar da su a kowace kasuwa, saboda haka ko an watsa majalisa ɗaya, kwali guda ya isa a kafa wata. Dara kuwa ba ta da kamfanin da zai rufe ta, haka nan ba ta da wanda nauyin raya ta ya rataya a wuyansa. 'Yancinta shi ne rauninta.

Ba a rasa abin da aka rubuta game da ita ba. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo sunanta, wani Baturen Ingila mai suna R. C. Bell kuma ya bayyana dokokinta cikin littafinsa na wasannin al'ummomin duniya a 1960, inda ya danganta ta ga Dakarkari. Sai dai dokokin dara ba su wuce shafi guda ba, kuma wanda ya haddace su bai fi wanda ya san sunayen kayan ƙira ba tare da ya taɓa riƙe masaba ba. Ta fuskar hukuma ma an ɗaga darajar dambe da kokawa da langa da ayo har ana gasarsu a bikin wasanni na ƙasa, darar manya kuwa an bar ta a gindin bishiya. Abin da yake cikin kan maƙerin nan, wato hanyoyin zubi, da tarkuna da mafitarsu, da sunayen da rumfar ta laƙaba musu, da habaicin da ake yi wa wanda aka cinye, da labarin karawar da aka yi da gwanayen Ajingi, babu ko ɗaya da aka sa a takarda. Yanzu ya haura shekara 70, idonsa ya fara rauni, kuma cikin jikokinsa babu wanda ya iya zubi.

Darasi na farko na masu zama a inuwar wani ne, ko 'yan dara ne, ko 'yan majalisar shayi, ko wata ƙungiya da take taro a ɗakin da aka ara mata. Alherin mai wuri yana ƙarewa da ransa ko da buƙatarsa, saboda haka tun ana zaman lafiya ya kamata a yi tanadi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Da 'yan rumfar sun nemi mai unguwa ko dagaci ya ware musu ɗan fili na jama'a tun mai rumfa yana da rai, da sun tashi gaba ɗaya sun koma can a rana guda, kuma da mutanen Ajingi sun san inda za su same su. Asarar da suka yi ta rarrabuwa ce, kuma ita ce wadda ake iya kauce wa.

Darasi na biyu na ɗaliban sashen Hausa ne da malamansu. An yi kundaye masu yawa a kan wasannin gargajiya, amma galibinsu sun tsaya ga lissafa sunaye da bayanin yadda ake yi. Abin da ya rage shi ne a je a zauna a majalisar da take raye, a ba kowane gurbi lamba daga 1 zuwa 30, a rubuta cikakkun wasanni motsi bayan motsi, a ɗauki muryar muhawarar da ake yi bayan an tashi, a tattara kalmomin fannin gari-gari, a kwatanta dokar Gaya da ta Katsina da ta Maraɗi. Ɗalibi guda mai littafi da na'urar ɗaukar magana zai iya yin wannan a hutun rani ɗaya. Irin waɗannan dattawa suna nan a ƙauyukan Gaya da Ajingi da sauran ƙasar Hausa, a shirye suke su yi bayani ga duk wanda ya zo da ladabi, sai dai kowace shekara adadinsu raguwa yake yi. Allah ya sa a kai gare su tun suna iya nuna gurbi da yatsa.